Kuzar Filato da Ramukan da Ta Bari

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau tudun Filato za mu hau, mu bi sawun kuza, baƙin yashin nan mai nauyi da ya mai da Jos birni, ya ciyar da masana'antun Ingila shekara da shekaru, sannan ya bar wa mutanen wurin abin da har gobe suke fama da shi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, ya ga tafkunan nan da ke kwance dama da hagu, ruwansu kore shar, ga tsibin jar ƙasa a gefe ko ciyawar kirki ba ta fitowa a kai. Baƙo yakan tsaya ya ɗauki hoto, ya ce kai, Allah ya yi wa ƙasar nan kyau. Kyau kam akwai shi. Sai dai yawancin tafkunan nan hannun mutum ne ya haƙa su. Kowane ɗaya gona ce a da, ko fadama, ko makiyaya, kuma kowane ɗaya akwai kamfanin da ya kwashe abin da ke ƙarƙashinsa ya yi gaba.

Ba Bature ne ya fara sanin kuza a ƙasar nan ba. Tun kafin zuwansa akwai masu narka ta a Riruwai, can kudancin ƙasar Kano, daga baya kuma a Liruwen Dalma cikin ƙasar Bauchi. Su wanko yashin a rafi, su zuba shi a murhun yumɓu tare da gawayi, su yi ta zuga. In ƙarfen ya narke sai su tsiyaya shi cikin 'yan siraran ramuka da aka fitar da tsinken ciyawa, ya daskare ya fito tsinke-tsinke, fari fat. A haka fatake ke ɗaure shi dami-dami su kai kasuwanni, maƙeran fari su saya, su yi zobba da kayan ado, su shafe tasoshin tagulla da shi.

Waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja, suka ce a nemo musu inda abin yake fitowa. A 1902 kamfanin ya turo wani injiniya mai suna George Nicolaus, ya bi sawu har gindin tudun. A 1903 sai ga Kanar Henry Laws, wanda ya yada zango a wajejen Tilden Fulani da Naraguta. Hawa tudun kansa bai yiwu da lalama ba. Mazauna tudun, Birom da maƙwabtansu, mutane ne da suka daɗe suna kare kansu daga mahara, garuruwansu kewaye da shingen ƙyarana, ba su kuma ga dalilin buɗe wa baƙo hanya ba. Da bindigar sojan mulkin mallaka aka buɗe ta, aka ƙona garuruwan da suka yi turjiya. Kafin shekara goma ta cika, labarin kuzar Arewa ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni barkatai suka yi ta yankar fili. Su kuwa masu narka kuza na Liruwen Dalma, da suka nuna hanya ba da saninsu ba, sai suka wayi gari rafukan da suke wanke yashi sun shiga takardar wani. Ba a daɗe ba wutar murhunsu ta mutu.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata mai sauraro ya riƙe. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa karɓar rabin kuɗin fito na duk ma'adinin da aka haƙa a wani makeken yanki na Arewa, har tsawon shekara 99. Wato ko wani kamfani ne dabam ya haƙa, shi yana zaune rabonsa zai iske shi. Sai wajen 1950 gwamnatin Najeriya ta fanshi wannan haƙƙi da fam miliyan ɗaya. Manomin da aka haƙa gonarsa kuwa, dokar ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba nasa ba ne. Iyakarsa 'yar diyyar amfanin gonar da aka ɓata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

[Gajeren kiɗa]

Me ya sa ɓarnar ta yi yawa haka? Amsar tana cikin yadda kuzar take kwance. Duwatsun Filato ne suka yi ta marmashewa tun zamanin da ba a san adadinsa ba, ruwan sama yana wanko ƙwayar kuza yana tara ta a gindin rafuka, saboda ta fi yashi nauyi. Daga baya ƙasa ta binne tsofaffin rafukan. Don haka mai neman kuza sai ya yaye duk ƙasar da ke sama tukuna, wani wuri tsayin mutum biyu, wani wuri ya fi tsayin bene mai hawa biyar, kafin ya kai ga tsakuwar da ke ɗauke da ita. Kuma inda ta fi taruwa shi ne kwari da fadama, daidai inda manomi ya fi so.

Da fari da diga da shebur da kwano aka yi aikin. Mai sauraro ya kwatanta a ransa: rami mai faɗi, ɗaruruwan mutane a jere, kowa da kwanon ƙasa a ka, suna hawa suna sauka daga safe har la'asar, helma yana tsaye yana ƙirga. Ƙasar sama a juye ta gefe, tsakuwar ƙasa a kai ta magudana, a sako mata ruwa, laka ta bi rafi, baƙin yashin ya zauna. A shanya shi, a ɗura a buhu. Kafin zuwan jirgi, a ka ake ɗaukar buhunan nan, 'yan alaro su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira. Sannan aka shimfiɗa 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta iso Jos da Bukuru zuwa 1914, ta yi aiki har 1957. A 1927 babban layin dogo na gabas ya iso, ya kawo kwal daga Inugu. A 1929 aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a Kurra, don injinan haƙa su sami wuta. Daga nan manyan injina masu dogon wuya suka shigo, tare da bututun da ke feso ruwa da ƙarfin da zai rusa gaɓa. Abin da mutum ɗari za su haƙa a mako, inji ya gama da shi kafin azahar. A ƙarshen shekarun 1930 aka haɗe wasu kamfanoni suka zama ATMN, wanda shi kaɗai yake fitar da kusan rabin kuzar ƙasar.

To su wa suka yi aikin? Birom da fari sun ƙi. Suna da accarsu, suna da gonakinsu, ba su ga abin da zai kai su ɗaukar ƙasa wa wani ba. Sai kamfanoni suka dogara da 'yan cin rani: Hausawa daga Kano, Zazzau, Katsina da Sakkwato, Barebari, Tibi daga Binuwai, har da mutanen ƙasar Faransi daga Nijar da Cadi. Abin da ya koro yawancinsu haraji ne, tun da Bature ya ce da kuɗinsa za a biya. Akawu da makanikai da direbobi kuwa galibi daga kudu suka zo, Ibo da Yarabawa da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Kowane kamfani da barikinsa, sunayen kuma suna nan har yau: Bisichi, Gana Ropp, Dorowa, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar. Rayuwar bariki ta yi suna, ba kuma sunan alheri ba. Ranar biya ga mai caca ya shimfiɗa tabarma, ga mai burkutu, ga gidan magajiya, ga wanda ya ba ka bashin hatsi yana tsaye a bakin layi. Da yawa sun zo da niyyar rani ɗaya, suka tsufa a wurin ba su tara kuɗin motar komawa ba. Amma daga cikin wannan cakuɗar ne Hausa ta zama harshen kasuwa da wurin aiki a tudun, daga cikinta ne kuma aka sami irin su Ɗanmaraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa talakan bariki waƙa.

[Gajeren kiɗa]

Mafi munin babi a tarihin nan ya zo ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairun 1942 Singafo ta faɗa hannun Japan, Malaya ta kuɓuce wa Ingila, ita ce kuwa babban rumbun kuzarta. Yaƙi ba ya yiwuwa sai da kuza: da ita ake shafe gwangwanin abincin soja don kada ya yi tsatsa, da ita ake liƙa wayoyin na'urori, tana cikin kayan injin jirgi da na mota. Sai idon Landan ya dawo kan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar aikin tilas, abin da mutanenmu suka kira diban gwamna.

Yadda ake yi, Razdan ya yanka wa kowace ƙasa adadin mutanen da za ta kawo, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai. Mai hali ya ba da abin goro a tsallake gidansa, talaka ya tafi. Daga 1942 zuwa 1944 an debi mutum wajen 100,000, kowane rukuni ya yi kimanin wata huɗu. A tuna fa, mutumin Sakkwato ko na Katsina ne, wanda ya saba da zafi, aka kawo shi tudun da ya haura mita 1,200, inda sanyin hunturu ke shiga ƙashi, damina kuma ruwa ba ya ɗaukewa. Ga shi tsaye cikin ruwa da laka wuni guda, ga bukkar da ke yoyo, ga abinci bai isa ba, domin shekarun nan hatsi ya yi tsada ƙwarai. Ciwon haƙarƙari da atuni da sanƙarau suka yi ta ɗauka. Ɗaruruwa sun mutu a barikokin, dubbai sun gudu cikin dare, wasu ba su kai gida ba. Can ƙauye kuma an bar gona ba mai nomewa.

A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Duk da haka ƙarin bai kai abin da aka yi buri ba, domin mutumin da aka kamo da yunwa a cikinsa ba ya aikin kirki. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, aka soke tsarin a 1944. A ganina, duk lokacin da ake lissafa gudummawar Najeriya a wannan yaƙi, ana ambaton sojojin da suka je Bama, ya kamata a sa waɗannan leburori a layi ɗaya da su. Su ba su sami lambar yabo ba, ko sunayensu ba a rubuta a jikin wani dutse ba.

Wani abin mamaki, ramukan nan ne suka tono mana tarihin da ba mu san muna da shi ba. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, kudancin jihar Kaduna ta yau, suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka kawo wa wani jami'i mai suna Bernard Fagg wani kan, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Daga nan duniya ta san al'adar Nok, mutanen da suka yi sassaƙa da narkar ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952 daga wannan ya samo tushe. Allah kaɗai ya san nawa injina suka murƙushe kafin wani ya lura.

[Gajeren kiɗa]

Mu koma wurin masu ƙasa. Kafin yaƙin ya ƙare, Birom sun ga abin da ya ishe su. Fadamu sun tafi, laka ta cike rafuka ta malale gonakin da ke ƙasa, itatuwa sun ƙare wajen girkin bariki. Mutanen da suka ƙi aikin kuza da fari, yanzu rashin gona ya tura su ciki, maza da mata, a kan mafi ƙarancin lada. A tsakiyar shekarun 1940 manoman Gyel suka tsaya suka ce ba za a ƙara taɓa musu gona ba. Wannan gwagwarmayar ƙasa ce ta haɗa kan Birom, ta haifi ƙungiyarsu ta ci gaba, a 1947 kuma aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom. Gwamnati ta ɗan farga, dokar ma'adinai ta 1946 ta kawo batun gyara wurin da aka haƙa, aka kafa sashen da zai baje tsibin ƙasa ya dasa itatuwa. Dazuzzukan itacen turare da ake gani a kewayen Bukuru daga nan suka fito. Amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba, kuma itacen turare ba ya mai da ƙasa gona. Masana sun ƙiyasta cewa filin da haƙar ta lalata ya haura murabba'in kilomita 300.

Kasuwa ta sake tashi a shekarun 1950, lokacin da Amurka ta shiga sayen kolombait, wani ma'adini da ke fitowa tare da kuza, wanda a da zubar da shi ake yi. Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, har aka koma ana tone tsofaffin juji. A farkon shekarun 1960 aka gina masana'antar narka kuza a Makeri. Daga nan sai gangara. Kuzar da ke kusa ta ƙare, saura mai zurfi mai tsadar haƙa. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka daina zuba jari. A watan Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe. Injinan suka tsaya inda dare ya yi musu, tsatsa ta cinye wasu, 'yan gwangwan suka yanka sauran.

Kamfani yana iya rufe ofis ya sallami ma'aikata, amma rami ba inda za shi. Tafkunan sun haura dubu. Gaɓarsu a tsaye take, ba gangare, yaro ko saniya in santsi ya ɗebe su, sai dai a nemi gawa. Jujin da aka bari bayan an tace kuza yana ɗauke da burbushin ma'adanai masu toriyom da yuraniyom, masu fitar da tururin da ido ba ya gani, mai cutarwa in an daɗe tare da shi. Ga shi kuwa yashi ne mai laushi, mai kyan gini, mutane suna ɗiba suna yaɓe ɗakunan kwanansu. Gaskiya kuma ba a rasa amfani ba. Ruwan tafkunan nan ne manoman rani ke ja da injin ban ruwa, su fitar da kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin Turawa da ake lodawa zuwa Abuja da Legas. Tafkin Rayfield ya zama wurin shaƙatawa. Amma wannan dabarar talaka ce, shi ya ga rami ya nemi yadda zai ci abinci da shi. Ba wanda ya tsara masa.

Akwai kuma gadon da ya fi rami zurfi. Kuza ta tara jama'a daga ko'ina, Bature ya zaunar da su unguwa-unguwa, ya yi ta sauya yadda ake mulkin garin gwargwadon abin da ya dace da shi, ya tafi bai warware ba. Jikokin leburori da 'yan kasuwa sun ce nan aka haifi iyayenmu, ba mu da wani gari. Birom da Anaguta da Afizere sun ce ƙasar kakanninmu ce, an ƙwace ba da yardarmu ba. Kowa a cikinsu yana da abin nunawa a tarihi. Rikicin da ya ɓarke a 2001, ya sake dawowa a 2008 da 2010, yana da dalilai da yawa, na siyasa da na addini, amma wanda ya cire kuza daga lissafin bai fara daga farko ba.

[Gajeren kiɗa]

Yau an koma haƙa, sai dai ba kamfani, ba inji mai dogon wuya. Waya da kwamfuta da farantin sola duk suna buƙatar kuza wajen liƙi, farashin tan ɗaya ya sha haura dala 30,000 a 'yan shekarun nan. Matasa sukan haɗu su biyar ko shida su haƙa rijiya mai faɗin da mutum ɗaya zai shiga, su yi ta nutsawa har su iske tsakuwar, sannan su karya gefe su bi ta da rarrafe. Wannan shi ake kira loto. Na ciki yana da tocila ɗaure a goshi da guntuwar diga, yana cika buhu, na sama suna jawowa da igiya. Ba katakon tokare, iska kaɗan ce, in damina ta jiƙa ƙasa kuwa rufin yakan zauna a kan mutum ba sallama. A bakin ruwa mata ne ke tsugune da ƙwarya, suna juyawa suna zubar da yashi, har baƙin ya kwanta a gindi. Mai saye yana gefe da sikelinsa, sau da yawa shi ne ya ba da kuɗin abinci da na man injin tsotse ruwa, don haka shi ke yanka farashi.

Wanda ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ya san inda irin wannan haƙa ba kulawa take kaiwa. Doka kam akwai ta. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya yi yarjejeniya da al'ummar wurin, ya kuma tanadi kuɗin gyara ƙasa bayan ya gama. Amma mai loto ba shi da lasisi, kamfanonin da suka haƙa tsofaffin tafkunan kuwa babu su balle a kai musu takardar biya. A watan Fabrairun 2025 gwamnan Filato, Caleb Mutfwang, ya ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, yana kafa hujja da rashin tsaro da lalacewar ƙasa da yaran da ke barin makaranta suna shiga rami. Dakatarwa tana da sauƙin sanarwa, amma mai iyalin da ba shi da gona, gobe da asuba ramin zai koma.

Buhunan da ke fitowa daga loto ana tara su a rumbunan dillalai a Jos da Bukuru, a tace, a loda a mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Galibinsu ƙasashen Asiya ake kai su a narka. Cikin masu saye har da Malesiya, wato Malayar nan da faɗuwarta a 1942 ta jawo diban gwamna.



[Kiɗan rufe shiri]